Marin da Na Ƙera wa Isifu

Da zare na auna ƙafarsa. Yana zaune a gindin mangwaron tsakar gida da ƙwaryar koko a cinya, na durƙusa kamar mai neman abin da ya faɗi, na zagaya zaren a idon sawunsa na ƙulla.

"Baba, takalmi za a ɗinka mini?"

"Takalmi ne," na ce, ban ɗaga kai ba.

Ya yi murmushi. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin a tafi da shi aiki garin Blitta.

Isifu ne ɗana na fari, shekararsa ashirin da biyu. Da kumandan, Baturen mulki, ya ce kowace unguwa a Sokodé ta ba da mazan aikin dole, sunansa ya faɗo cikin na zongonmu. Wata shida ya yi yana haƙar ƙasa a inda ake yanka hanya. Waɗanda suka dawo tare da shi ne suka ba ni labari: wata rana gefen rami ya rufto a kan mutum uku, ɗaya yana daf da shi. Suna cikin tono da hannu don su fito da su aka buga guntun ƙarfen da ake kiran ma'aikata da shi, gardi, ɗan sandan da ke tsaronsu, ya ce kowa ya koma bakin aikinsa. Tun daga ranar, in ƙarfe ya bugi ƙarfe a kunnen Isifu, sai ya faɗi ƙasa ya shiga tono har farcensa ya yi jini.

Ni kuwa maƙeri ne. Maƙerata tana cikin zauren gidana.

Uwarsa, Zenabu, ita ta fara ganewa. Ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Maigida, ka bar wutar nan ta huce. Ba aljani ba ne a jikin yaron nan. Masabarka ce."

Na ajiye masaba. Kwana arba'in ban taɓa zuga-zugi ba. A kwanakin nan ya fara cin tuwo da hannunsa. Ya fara zama kusa da uwarsa tana tsince wake, har wata rana ya faɗa mata sunan wanda ƙasa ta danne, Alasani, ya yi kuka, ya yi barci har la'asar. Ran Juma'a ya bi ni masallaci.

* * *

Yayana Huseini ya zo da hantsi, ya dubi tokar maƙera ya girgiza kai.

"Bukari, manoman Aouda sun kai fartanyunsu wani wuri. Wannan da sauƙi. Dangin mai neman Salamata sun fara tambaya ko abin a jininku yake."

Salamata ita ce ƙanwar Isifu, an sa ranarta bayan kaka.

"Yaya, yana samun sauƙi."

"Sauƙi? To za ka hana duk Sokodé buga ƙarfe ne? Ko za ka zauna kana gadin kunnensa har ka mutu?" Ya rage murya. "Akwai mai magani bayan Dapaong. Wata uku a turu, mutum ya dawo garau. Sharaɗinsa ɗaya, kowa ya zo da marin ƙarfen da za a sa masa a ƙafa."

Na kwana uku ina juya maganar. Ina tsoron bakin mutane, ina tsoron auren 'yata ya lalace, ina kuma tsoron ranar da zan mutu in bar shi haka. Na je kasuwa na duba marin da ake sayarwa. Duk kaushi ne, bakinsu kamar wuƙa. Na ce a raina, ɗana ba zai sa wannan ba. In dai dole ne, ni zan ƙera masa, in goge shi sumul, in naɗe cikinsa da fatar akuya. A lokacin gani nake gata zan yi masa.

Shi ne na auna ƙafarsa, na hura wuta.

A bugu na uku na ji ihun. Kafin in fito ya tone gindin mangwaron, yana kiran Alasani, ƙasa cike da bakinsa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Huseini ya ce, "Ka gani ko? Wai sauƙi."

Zenabu ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannayen yaron a ƙirjinta, ta dube ni.

"Kwana arba'in ina ɗinke shi," ta ce. "Bugu uku ka warware."

Na koma zaure na ƙarasa aikin. Tun da na fara ƙira ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba.

* * *

Kamiyo, babbar motar kaya, ya kai mu garin Mango, ni da Isifu, daga nan muka bi masu shanu a ƙafa. Gidan mai maganin fili ne da itatuwan ɗorawa, ƙarƙashin kowace akwai gungume, jikin kowane gungume akwai mutum. Na ƙirga goma sha huɗu. Har da tsohuwa mai furfura, wadda ba ta yi komai ba sai mance sunayen 'ya'yanta.

Mai maganin ya juya marin a hannunsa ya yaba. "Aikin waye?"

"Nawa."

"To kai za ka ɗaura masa. Hannun uba ya fi albarka."

Ba a rufe mari sai da ƙusa, ƙusa kuwa sai an buga ta. Mutum huɗu suka danne Isifu. Na buga. Ban san sau nawa ba.

Da zan tafi na tsaya a bakin filin. Duk wanda ya motsa, sarƙarsa ta yi ƙara. Wannan ya motsa, wancan ya motsa, daga safe har yamma ƙarfe yana bugun ƙarfe. Kunnen maƙeri ne da ni, na ji, na kuma gane abin da nake ji. Amma na riga na yi tafiyar kwanaki, kuma me zan ce wa Huseini? Na juya.

* * *

An ɗaura auren Salamata lafiya. Washegarin kai amarya, Zenabu ta ɗaure mini guzuri ba tare da ta tambaye ni ba. Na ɗauki zarto, don kada in sake buga komai kusa da shi.

Wata huɗu ke nan da na bar shi a wurin mai maganin. Da na isa, ban gane shi ba sai da na gane marin. Ya haƙa rami kewaye da gungumen iyakar tsawon sarƙa, yana zaune a ciki. Yatsunsa babu farce ko ɗaya.

"Ya daina ihu tun watan jiya," in ji mai maganin. "Magani ya kama."

Na shiga ramin na durƙusa. "Isifu. Ni ne. Mu tafi gida."

Bai dube ni ba. Na kama ƙafarsa zan sa zarto, sai marin ya zame da kansa ya faɗo a hannuna. Ƙafar ta rame har ba ta kai kaurin da na auna da zare ba. Ashe ya daɗe da iya zare ta ya tafi.

Ya miƙo hannu a hankali ya karɓe shi, ya mayar da ƙafarsa ciki.

"Bar shi, Baba," ya ce. "Takalmina ne. Kai ka yi mini."

Sarƙar kawai na yanke.

* * *

Shekara biyu ke nan. Na sayar da uwar maƙera da masaba, ina dakon goro a kasuwa. Gidanmu shiru, irin shirun da Zenabu ta roƙe ni tun farko. Isifu ba ya tono, ba ya kuka, bai sake ambaton Alasani ba. Yana wuni a gindin mangwaro. In aka yi yunƙurin cire marin sai ya riƙe shi da hannu biyu, shi ya sa muka bar masa.

Kullum da safe uwarsa takan zo da man kaɗanya a ɗan kasko. Takan ɗaga ƙarfen da yatsa biyu, a hankali don kada ya yi ƙara, ta shafa masa a inda fatar akuyar ta cinye.