Bokitin Feshin Wake

Matata Aina'u tana kiwon tarwaɗa a tankin roba. Ranar kasuwar Bagwai ta ce in sayo mata tiyo da sabon bokiti na canjin ruwa. Na sayo tiyon, amma bokiti na manta. Sai na ɗauraye wanda nake dama maganin feshin wake a ciki, na ce mata mai tsabta ne. Da shi ta cika tankin.

Washegari kifayen duk sun taso, ciki sama.

Ta tsuguna tana tsame su. "Malam, laifina ne," ta ce. "Na cika musu abinci."

Ni na riƙe mata bokitin nan tana zuba su ɗaya-ɗaya.