Igiyar Korar Jan Baki

Ni dai na ɗauka kuɗi ne ke hana yara zuwa. Shi ya sa da muka buɗe sansanin koyon kwamfuta na dogon hutu a firamaren ƙauyenmu, can bayan Guri, na matsa wa abokin aikina Malam Godwin muka rage kuɗin rajista, daga baya ma muka yafe shi ɗungurungum. Na bi gida gida har silifas ɗina ya tsinke. Na sa liman ya yi sanarwa bayan Juma'a, mai shela ya zaga kasuwa da lasifika. Kowa sai ya ce, "Madalla, Malama Barira, Allah Ya saka." Gari na wayewa kuwa sai mu tarar da benci zalla, da kwamfutocin da wata ƙungiya a Haɗeja ta ba mu aro. Ƙungiyar ta aiko cewa in ajin ya ci gaba da zama wayam, ran Asabar mota za ta zo ta kwashe kayansu.

Abin da ya fi ƙona min rai Umaima ce, 'yar yayana Usaini. Tun kafin hutu yarinyar nan ta ishe ni: "Gwaggo, ni ma zan taɓa kwamfuta?" To ga kwamfuta ta zo har gida, babu Umaima babu labarinta. In wanda muke ciki ɗaya bai turo tasa ba, laifin wa zan gani?

Ran Laraba na shiga kwalekwale na haye fadama, bakina cike da maganganu masu zafi. Tun daga nesa nake jin ƙarar gwangwanaye da ihun yara. Shinkafa ta fara ƙosawa, tsuntsayen jan baki sun taso kamar hayaƙi. Kowace gona da rumfarta, kowace rumfa da yaro a kai yana jan doguwar igiya da aka jera wa gwangwanaye. Ashe 'yan ajin nawa duk suna nan. Ga Umaima can, ta yi ihu har muryarta ta dishe.

Yaya Usaini yana cikin taɓo har gwiwa, yana toshe inda ruwa ya ɓalle.

"Haba Yaya!" na ce. "Kyauta fa na ce, kyauta!"

Bai ɗago ba. "Na ji, Barira. In ta sauka daga rumfar nan da hantsi, kafin azahar tsuntsu ya gama da abincinmu na shekara. Ni ina tare ruwa. Wa zai riƙe igiyar?"

Na fara kawo masa zancen amfanin ilimi, irin wanda nake yi wa iyayen yara. Sai ya miƙe, ya share hannu a jikin rigarsa.

"Shekarar da za ki zana jarrabawa, ke Baba ya ce ki hau rumfa. Wa ya hau?"

Shi ya hau. Ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, kuma daga wannan daminar bai sake komawa aji ba. Bai taɓa goranta min ba, yau ɗin ma a hankali ya faɗa, kamar mai tambayar hanya. Wallahi kunya da tausayi suka rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Na tattare zanina na kama sandar rumfar.

"Umaima, sauko. Ga kwalekwale can. Ki ce wa Malam Godwin ni na aiko ki."

"Gwaggo, ke fa?"

"Ni na fi ki iya ihu, tambayi 'yan aji biyar."

Na san yarinya ɗaya ba za ta cika aji ba, ƙila ma motar ta zo ran Asabar ɗin. Amma daga saman rumfar na hango ta tana gudu a kan kunyar gona, ko waiwaye babu. Yaya Usaini ma ya saki fartanya yana kallonta, ya daɗe a tsaye, har jan baki suka sauka a bayansa bai sani ba.

Sai can ya juyo. "Barira, ja mana!"

Na ja igiyar da hannu biyu.