Kwalbar Auren Zipporah

Tun Zipporah na goye Malachy da matarsa Lucia suka yi alkawari: za su nemi kwalbar giyar shamfen ta inabin shekarar da aka haife ta, ba mai buɗewa sai ranar aurenta. Da ta fito kasuwa suka saya. Malachy ya yi aikin teburi a otal a Jos kafin ya zo Greensboro a Amurka, ya san irin wannan kwalba ba ta son zafi, ba ta son haske. Ɗakinsu na haya a Gate City Boulevard kuwa, in bazara ta yi, kamar tanda. Sai ya kai wa amininsa Bernard, mai gida da ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Pleasant Garden, ya kwantar da ita can cikin duhu da hannunsa. In sun je ziyara yakan sauka ya leƙa ta, ko taɓawa ba ya yi.

Lucia ba ta ga auren ba. Cutar kansa ce ta ɗauke ta, kuma sai da ciwon ya ci jiki Malachy ya ji sunansa a bakin likita.

Ranar biki, bayan an taso daga coci, aka taru a farfajiyar Bernard. Malachy ya sa kwalbar a bokitin ƙanƙara, samari na tsokanarsa wai Baba ya girgiza ta ta yi bindiga. Ya ce musu wannan aikin 'yan ƙwallo ne. Ya karkata ta, ya riƙe matoshin, ya murɗa gindin a hankali har ta yi ɗan numfashi.

Matoshin ya fara duba. Wanda ya daɗe a wuyan kwalba siriri yake fitowa, a tsuke. Wannan ya baje kamar lema. Ya zuba: ruwan fari fat, kumfa manya. Ya kurɓa, tsamin ɗanyen tuffa, babu ƙanshin zuma ko na gasasshen burodi. Takardar jikin ce kawai tasu, an liƙa wa sabuwar kwalba.

Bai ɓata wa 'yarsa rana ba. Ya miƙa wa amarya da ango, aka yi tafi. Sannan ya ja Bernard bayan motoci, ya buɗe masa tafin hannunsa, ga matoshin a ciki.

Bernard ya fara da cewa ai duk shamfen ɗaya ne. Da ya ga idon Malachy, ya sauke kai.

"Maman Zipporah ce. Ranar da ta karɓo sakamakon asibiti nan ta zo, kana wurin aiki. Ta ce ba za ta kai bikin ba, tana son ta ɗanɗana rabonta. Muka sha, ni da ita da matata."

"Yaushe?"

"Kafin Ista. Ta roƙe mu kada ka sani."

Malachy kuwa sai da aka shiga sanyi aka gaya masa. Duk watannin nan yana sauka ɗakin ƙasa yana leƙen kwalba, su uku suna sama suna jiransa da abinci.

"Yaya ta ji ta?"

"Ta ce ta yi daɗi. Ta ce kai ne ka iya ajiya."

Aka kira uban amarya wurin hoto. Bernard ya kai hannu kafaɗarsa, Malachy ya goce. Ya jefa matoshin a aljihun Bernard, ya gyara hularsa, ya tafi ya tsaya gefen 'yarsa.