Cibiyar Jirgin Tenri

A shekararmu ta ƙarshe a makarantar koyon ƙirar jiragen ruwa a Makassar, aka ce kowace ƙungiya ta ƙera ƙaramin jirgi mai aiki da hasken rana. Ni Sangkala walda aka bar mini, don kaina ba ya ɗaukar lissafi. Abokiyar ƙungiyata Tenri ce ta zana jirgin, ita kuma za ta tuƙa shi ranar gwaji. In ba ta tuƙa ba, babu sakamako, babu kuma aikin da ke jiranta a wani babban jirgin dakon kaya.

Ana cikin haka sai ga kakarta ta sauko daga motar garinsu Bulukumba da kwandon busasshen kifi. Ta zagaya jirgin namu na alminiyam tana shafa cikinsa kamar mai cinikin saniya, sannan ta ɗago.

"Ina cibiyarsa?"

Ni dai na san zancen. A wajenmu ba a saka jirgi a ruwa sai an huda masa cibiya a tsakiyar ƙasansa an toshe, mai jirgi ya adana ɓarɓashin katakon da aka huda. Mahaifin Tenri kuwa a jirgin roba na kanti, marar cibiya, ya fita kamun kifi. Har yau ko hularsa ba a gani ba.

"Haba Kaka, wannan fa ƙarfe ne," in ji Tenri.

"Ƙarfen ba ku kuka haife shi ba? 'Yar nan, ina raye ƙafarki ba za ta taka shi ba."

Muka kai maganar gun malaminmu, Malam Pallawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wata da watanni kuna toshe kafofi, yau kuma huji kuke nema? Kai Sangkala, waldarka ma ai duk cibiyoyi ce!" Da ya ga fuskar Tenri sai ya daina. "To, ku huda. Amma ɗigo ɗaya ya shiga, kun faɗi."

Tenri da kanta ta riƙe injin huji. Kaka ta yi bismillah, ta tara gefen zanenta, ɓarɓashin na zubowa a nannaɗe yana ƙyalli. Ni na toshe da noti na tagulla da roba, na ɗaure har hannuna ya yi ja. Ban taɓa tsoron aikina irin na ranar ba.

Da hantsi muka fita gwaji, ni a zaune kusa da cibiyar. Injin ba ya ƙara, sai ɗan gurnani. Teku ta kwanta luf, ruwan garau har inuwarmu na tafiya a kan yashin ƙasa, ƙananan kifaye na ratsa ta. Tsibiran nesa kamar sun rabu da ruwa sun tsaya a iska. Na ɗora tafina a kan notin, na ji teku na motsi a hankali ta cikinsa, har na manta da wani gwaji.

Can da nisa Tenri ta kashe injin. Ta daɗe tana kallon ruwa.

"Baba, ga nawa jirgin," ta ce, ba da ƙarfi ba.

Na kau da kai, don idona ya cika.

Da muka dawo, Malam ya goga farin hankici a kan notin, ya ɗaga sama. A bushe yake. Ɗalibai suka ɗauki ihu, amma Tenri wajen Kaka ta nufa, ta durƙusa. Tsohuwar ta kwance wani ɗan ƙulli daga ƙugunta. Busassun cibiyoyi biyu ne a ciki, ta Tenri da ta mahaifinta. Ta zuba ɓarɓashin a kansu, ta ƙulle tam.

"Wancan karon tasa kaɗai na riƙe, ban riƙe ta jirginsa ba," ta ce. "Tashi ki tafi, 'yar nan, duk tekun da kika ga dama."