Tayoyin Nashu Gavril

Ilarie mai faci ya riga ya ɗaga jif ɗin a kan jak, ya kwance ƙafafun gaba biyu, kafin tsohon ya buɗe ƙofar baya ya nuna masa abin da ya zo da shi. Tayoyi huɗu ne masu haƙora kamar na tarakta, da busasshiyar laka maƙale a tsakanin haƙoran.

"Su za ka saka," in ji Gavril. "Amalanke biyu na itace na ba wani mai gadin daji ya bar mini su. Wata uku kacal ya hau su."

Ilarie ya sauko da ɗaya, ya mirgina ta zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ya duƙa yana bin gefenta da yatsa. Haruffan nan biyu da 'yan sanda ke dubawa idan dusar ƙanƙara ta rufe titi suna nan daram. Abin da yake nema ne babu: ɗan tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, alamar tayar sanyi ta gaske. Ya danna farce a kan haƙori ɗaya. Robar ba ta motsa ba, ga shi sanyin gaske bai ma sauko ba tukuna.

Da wani ne, da tuni ya mirgina masa abarsa waje. Amma Gavril nashunsa ne, uban aurensa. Shi da matarsa Veturia, wato nasha, suka riƙe kyandir a bayan Ilarie ranar da ya auri Dochia, shekara goma sha tara ke nan, su kuma suka riƙe 'ya'yansa biyu a wajen baftisma. A kwarin nan mutum yana iya musu da mahaifinsa, yana iya musu da limamin coci idan ya sha ya ƙoshi, amma ba a ce wa nashu a'a.

Veturia tana zaune kusa da murhu a kan wata tsohuwar kujerar mota, ta lulluɓe da mayafin ulu, an manna mata auduga a hannun hagu. Daga wankin ƙoda suke. Sau uku a mako Gavril yake sauko da ita daga gidansu na kan tudu ya kai ta birni, ya dawo da ita kamar an matse tsumma.

"Nashu," in ji Ilarie, yana kallon tayar maimakon fuskar tsohon, "waɗannan na laka ne."

"To da me ka ga na yi kama? Mai yawo a kan darduma?"

"Laka kilomita shida ce daga gidanka zuwa kwalta. Sauran tamanin ɗin fa? Akwai kwanonin hanya na bakin kogi da rana ba ta taɓa su daga yanzu har Maris. Akwai babban titi, inda tirela ke bin bayanka da gudu. Wannan robar idan ta sha sanyi ƙaho take zama. Ka taka birki a kan ƙanƙara, motar ta ce maka ba ta ji ba."

"Doka ta yarda da su?"

"Ta yarda."

"To kai wane ne?"

Daga can ƙurya aka ƙyalƙyale da dariya. Nechifor ne, direban motar gungume, wanda ke jiran a yi masa faci tun tsakar rana. Yana zaune a kan garwa yana yankar kitsen alade da albasa a kan burodi.

"Ya fi doka karatu, Baba Gavril! Ba ka san shi ba? Ko tuwon masara za a ba shi, sai ya juya shi ya nemi tambari."

Ilarie bai kula shi ba. Ya shiga ciki ya fito da wata taya sabuwa, ya jingina ta kusa da ta tsohon. Haƙoranta matsakaita ne, kowanne an tsaga shi da ƙananan tsage kamar bakin wuƙa. Ya danna ta, ta lotsa ta dawo.

"Ka ga wannan. Tana da tambarin. Tsagen nan su ke cizon ƙanƙara. A kwalta ba ta kuka, a tsakuwa ba ta yagewa, a laka kuma tana yin iya yinta."

"Iya yinta," in ji Gavril.

"Tayar raba ƙafa," in ji Nechifor, bakinsa cike. "Kamar surukina ranar zaɓe. Kowa nasa ne, ba ya tsinana wa kowa komai."

Gavril ya cire hularsa ta fatar tunkiya, ya sake mayar da ita. Ilarie ya san wannan alamar: ransa ya fara ɓaci.

"Yaro, bari in tambaye ka. Ranar sha ɗaya ga Maris kana ina?"

"Ina nan shago."

"Ni ina mashigin rafi, a ƙasan gonar marigayi Toader, laka ta haɗiye ni har ƙofa. Da tayoyin sanyi, masu laushin nan, masu tambarinka. Wa ya saka mini su?"

Ilarie ya mayar da idonsa kan tayar.

"Wa ya saka mini?"

"Ni ne, Nashu."

"Awa biyar. Waya ba ta kamawa a wurin. Kafin a samo doki a jawo mu, an ba wani gadonta na wankin ƙoda. Kwana biyu ta ƙara babu wanki. Ka ga ƙafafunta a lokacin? Ba ka gani ba. Ni na zauna ina jin numfashinta kamar ana hura tulu." Ya buga tayar lakar da tafin hannu. "Ƙanƙara na san ta. Shekara arba'in ina tuƙi a kanta. Ƙanƙara ana lallaɓa ta, a bi a hankali. Laka ba ta jin lallashi."

Abin da ya fi damun Ilarie shi ne tsohon bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Da a ce taurin kai ne kawai, da sauƙi. Ya sha kwana yana juya irin wannan a ransa: mai faci ba ya sayar da lafiya, zaɓi yake sayarwa tsakanin haɗari biyu, sannan ya koma gida ya ci abinci, wani ya hau titi da zaɓin. Taya iri uku da zai dace motar nan ta samu, ga mota ɗaya, ga hanya ɗaya mai fuska uku a yini guda. Amma ya san wani abu da ba ya shakka a kansa. Wanda laka ta riƙe, ana zuwa a same shi a inda yake. Wanda ya zame a kwanar bakin kogi, sai dai a nemo shi a ƙasa.

"Nashu, idanunka ma ba kamar da ba ne."

Nechifor ya daina tauna.

"Maimaita," in ji Gavril a hankali.

"Ba zan saka su ba."

Maganar ta fita kafin ya gama shirya ta.

Gavril bai ɗaga murya ba. Ya dubi Ilarie tun daga takalmi har kai, kamar yana auna itacen da za a sare.

"Mayar mini da tsofaffin. Akwai shago a tsallaken gada. Yaran can ba su da tambaya."

Gaskiya ne, ba su da tambaya. Cikin rabin awa za su ɗaura masa su, su yi masa fatan alheri. Ilarie ya tsaya da sifana a hannu, ya ga abin da a'arsa ta saya: hannunsa zai fita tas, ita kuma Veturia jibi da asuba za ta bi kwanonin nan a kan ƙaho huɗu. Ya ƙi ne domin ta, amma kansa kaɗai ya cetar.

Ya juya wajen murhu. "Nasha, ki sa baki mana."

Veturia ta buɗe ido da ƙyar. "Ni kaya ce, ɗana. Ana tambayar buhu wace taya yake so?" Ta gyara mayafinta. "Ku dai gama. Ƙafafuna sun yi sanyi, gado nake so."

"Kin ji ko?" in ji Gavril, ko da yake ba da ita yake ba. "Rana tana tafiya. Mayar mini."

Ilarie ya ɗauki tsohuwar ƙafar gaba, ya kai ta bakin motar. Ta suɗe har wayar ciki ta kusa leƙowa. Ya riƙe ta a gwiwa, bai cusa ba. Sai ya ajiye ta a ƙasa, ya miƙe ya shige ciki.

Ya fito da sababbin guda uku, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora su a kan ta farkon har suka kai masa ƙugu. Sannan ya jawo wata garwa ya taka, ya miƙa hannu saman bango inda hoton waliyyi yake rataye, ya zare farin tawul mai jan saƙa da ke kewaye da hoton. Ya kakkaɓe ƙurarsa, ya shimfiɗa shi a kan tayoyin. Ya cire hula.

Nechifor ya ajiye wuƙarsa. "Kai, kai, kai," ya ce a ƙasan maƙoshi.

Duk shekara kafin Kirsimeti ma'aurata suna kai wa nashunsu gaisuwa: burodi mai kitso, zakara, kwalbar giyar gida, a rufe da tawul. Kuma kamar yadda ba a ce wa nashu a'a, haka nashu ba ya mayar da abin da aka rufa masa tawul a kai. Idan ya mayar, ya yanke zumunta ke nan, har jikoki za a riƙa faɗa.

"Nashu, Nasha," in ji Ilarie, "ga gaisuwarmu ta bana, ni da Dochia. Mun yi sammako da ita. Allah ya ƙara muku kwana."

Fuskar Gavril ta yi ja har kunne.

"Da al'ada za ka ɗaure ni? A gaban mutane?"

"Mutum ɗaya ne, Nashu."

"Amma bakina na mutum goma ne," in ji Nechifor. "Ka yi haƙuri, Baba Gavril, na gani da idona. Tawul ne, kuma ya rufa."

"Rufe mini baki, ɗan banza." Gavril ya matso har Ilarie yana jin warin taba a rigarsa. "Na karɓa sai me? In jibge su a rumbu kaji su yi ƙwai a ciki, in tafi tsallaken gada."

"Zakaran gaisuwa ba a ajiye shi, Gavril," in ji Veturia daga inda take, ba ta ko buɗe ido ba. "Yankawa ake a ci. Shekara arba'in da shida kai kake faɗa wa mutane haka."

Tsohon ya daɗe a tsaye. Ilarie ya san abin da ya yi ba ladabi ba ne, tarko ne da ya yi wa ado da tawul, kuma tsohon ya sani.

Daga ƙarshe Gavril ya miƙa hannu ya ɗauke tawul ɗin, ya ninke shi huɗu, ya cusa a cikin rigarsa.

"Mun gode," ya ce, kamar mai tofar da tsakuwa. "Saka."

Ilarie ya yi aikin cikin sauri, bai ɗago ba. Ya ɓare tsofaffin daga ƙarfe, ya cusa sababbin, ya ba su iska, ya ɗaure kowane noti ya sake bi. Tayoyin lakar kuma Gavril ya mayar da su bayan mota da kansa, bai yarda an taya shi ba. Ya ɗauko matarsa a hankali ya zaunar da ita, ya rufa mata bargo a gwiwa. Da ya zauna a mazauninsa sai ya sauke gilashi.

"Ka saurare ni, Ilarie. Yau ba ni na zaɓa ba. Jibi ƙarfe bakwai gadonta yake. Idan ba mu isa ba, kada ka zo gidana da bayani."

Motar ta fita, ta hau kwalta, ta nufi hanyar tudu. Ko ƙara tayoyin ba sa yi.

Ilarie ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu. Sai a lokacin ya lura iskar ta juya, daga kudu take busowa, da ɗumi a cikinta. Wani abu ya ɗiga a bayan hannunsa. Ya ɗaga kai. Tun makon jiya kowa ke jiran dusar ƙanƙara, shi ma ita ya yi ta yaƙi da ita duk yinin nan. Amma wannan ruwa ne, mai manyan ɗigo, irin wanda ke kwana biyu bai ɗauke ba.

Nechifor ya zo ya tsaya kusa da shi, ya dubi sama, ya dubi tudun da girgije ya fara rufewa. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Mashigin rafin nan," ya ce, "awa ɗaya ya ishe shi ya zama kunu."

Ilarie ya koma ciki. Ya jawo doguwar sarƙar jan mota daga ƙarƙashin benci, ya ɗauki shebur da katako biyu, ya watsa su a bayan akori-kurarsa. Ya jefa wa Nechifor makullin shago.

"Facin nawa fa?"

"Ka san inda gam yake."

Ya tayar da mota ya bi hanyar tudu. A kwana ta uku ya hango jan fitilun jif ɗin suna hawa cikin ruwa. Ya sassauta ƙafa, ya bar tazara mai yawa, yadda tsohon ba zai gan shi a madubi ba.