Ana Kyautata Zaton Ya Rasu

Aikina a gidan rediyo shi ne in karɓi labarai da Turanci, in juya su zuwa Hausa, in shiga ɗakin watsawa in karanta. Na daɗe ina yi, har na san dabarar Turancin 'yan jarida ciki da bai. In suna son faɗin abin da ba su da shaida a kai, sai su zare mutum daga maganar, su ajiye wata 'yar kalma a gurbinsa, kamar wanda ya bar hula a kan kujera ya fita. Mu kuma mu juya: an ce, an ruwaito, ana zargi, ana kyautata zato. Editanmu, wanda muke kira Jan Biro, yana son kalmomin nan kamar 'ya'yan cikinsa. Ko yaushe aka yi masa ƙorafi sai ya yi dariya ya ce, “To, wa zai kai ‘ana’ kotu?”

Ranar da nake ba ku labarinta, ƙanina Auta yana ƙarƙashin ɓaraguzai. Mai haɗa wayar lantarki ne, benen da suke aiki a ciki ya rufta tun jiya da yamma. An ciro kowa, shi kaɗai ya rage. Shugaban masu ceto bai ɓoye mini komai ba. Ya ce muddin ana sa ran yana da rai, da hannu da shebur za su ci gaba da tono, a hankali. In kuwa aka fid da rai, sai katafila ta shigo ta kwashe komai. Shi ya sa da safe na bar Umma da maƙwabta na tafi ofis, don in roƙi jama'a a labaran rana su zo su taya tono.

Ina zama aka miƙo mini labaran Turancin. Ga shi nan a layi na biyu: mai gyaran wutar da ya rage a ciki, ana kyautata zaton ya rasu.

Raina ya ɓaci, na faɗa ofishin Jan Biro ko sallama babu. “Ranka ya daɗe, wa ke kyautata zaton? Kai ne?”

“Ni? Haba, 'yata. Wakilinmu ne ya aiko.”

A gabansa na buga wa wakilin waya. Yana jin muryata ya fara yi mini ta'aziyya.

“Dakata, malam. Wa ya gaya maka?”

Ya ce, “Ai ni cewa na rubuta ana ci gaba da tono. Daga baya na gyara, da na ji a tasharmu.”

“Ba mu karanta ba tukuna.”

“Hajiya, da safen nan na ji, ina cikin mota. Ke kika karanta.”

Da safen nan ina bakin ɓaraguzai, hannuwana duk siminti. Na nemi mai haɗa sauti, ya duba abin da aka watsa tun buɗe tasha, babu muryata ko ɗaya. Amma da na fito baranda, mai shara ta jingine tsintsiya ta riƙe hannuna ta ce, “Sannu, uwar ɗakina. Kin yi ƙarfin hali.” Na tambaye ta a ina ta ji. Ta ɗaga kai ta dubi lasifikar da ke manne a bango, wadda ta lalace tun bara.

Na koma teburina na soke layin da biro har takardar ta huje. Na rubuta nawa: Auta yana ciki, 'yan'uwansa suna jiransa, duk mai shebur ya zo. Jan Biro ya karanta, ya dube ni, ya miƙo mini takardar.

Ɗakin watsawa ba shi da taga sai gilashin da ke tsakanina da mai haɗa sauti. Jar fitila ta kama, na fara. Na karanta roƙona tiryan-tiryan, ina jin kowace kalma a bakina, ban ƙara ba, ban rage ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne abin sauraron da ke kunnena. Muryata tana dawo mini a makare, kuma kamar ba tsawonsu ɗaya da abin da nake faɗa ba. Na yi shiru in ja numfashi, ita ba ta yi shiru ba.

Da fitila ta mutu, na ga mai haɗa sauti yana share hawaye da hularsa. “Allah ya ji ƙansa,” in ji shi. “Ni da ƙanina ne, wallahi ba zan iya karantawa ba.”

Ban tsaya gardama ba. Na fito da gudu na tari mai babur, na ce wurin benen. Ina kan hanya Umma ta kira, ana koke-koke a bayanta. Ta ce da wani ne ya faɗa ba za ta yarda ba, amma tunda ni ce, ta haƙura. Na rantse mata ban faɗa ba. Ta ce, “Yarinyar nan, ni ce zan kasa gane muryarki?”

Cunkoso ya tsare mu a kwanar tashar mota. Na sauka ina kutsawa da ƙafa, sai wayar ta sake ƙara. Lambar Auta ce, wadda tun jiya ba ta shiga. Na ɗauka.

“Yaya.” Muryar can ƙasa, a shaƙe. “Sun daina tono. Ina jin rediyonsu ta cikin rami.”

“Auta, ga ni nan! Ka yi ihu, ka buga ƙarfe, ga ni nan zuwa!”

Ta cikin wayar na ji an tada injin katafila.

“Na ji ki, Yaya,” ya ce, ba da fushi ba, da mamaki irin na yara. “Wa ya gaya miki?”