Ranar da Aka Ƙona Taru

Sai da Mwanasiti ta leƙa ƙofa ta tabbatar ba kowa a lungu, sannan ta dawo ta durƙusa kusa da gadon yayanta Mshenga, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, yau dai an gama da tarun nan. Jiya na je wurin Baba Vuai na gaya masa inda za su jefa. Jirgin sintiri ya fita tun da hantsi."

Ta faɗa ne tana jiran a sa mata albarka. Maimakon haka sai Mshenga ya miƙo hannu ya damƙe wuyan hannunta. Tun da ƙafafunsa suka mutu duk ƙarfin jikinsa ya koma hannuwa, ta ji kamar ƙashin zai tsage.

"Wa ke ƙasa yau?"

"Ƙasan ina?"

"Ƙasan ruwa, Siti! Wa ya nutsa?"

"Baban Riziki mana. Ai kullum shi ne."

Mshenga ya sake ta, ya juya fuska bango, ya shiga salati.

Kowa a garinmu ya san tarun Bwana Khatibu, kowa kuma ya san doka ta hana shi, har awakin bakin kasuwa. Idanunsa ƙanana ne kamar na gidan sauro, kifin da bai kai ɗan yatsa ba ma ba ya tsira. A kan duwatsun murjani ake zagaya shi, inda kifi ke haihuwa, kuma murjani ba ya sakin abin da ya kama. Saboda haka dole mutum ɗaya ya sauka can ƙasa da guntun ƙarfe, yana farfasa dutsen duk inda taru ya maƙale, har a ƙulle bakinsa. Iskar da yake shaƙa daga wani inji irin na masu faci da ke cikin jirgi take zuwa, ta cikin dogon tiyo da yake cije da haƙora. Shi mai tarun, ban taɓa jin wanda ya ga ƙafarsa a jiƙe ba. Yana can birnin Tanga a ƙofar kantinsa cikin farar jallabiya, sai dai a kira shi a waya a ce an samu.

Mai cije tiyon nan shi ne Pandu, mijin Mwanasiti, uban 'yarta Riziki. Tun damina yake dawowa da haɓo, kunne ɗaya ya toshe, gwiwar hannu tana masa ciwo kamar ana sara. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta yi yaji ta dawo. Shi dai dariya yake.

"To in koma ina, Maman Riziki? In koma saƙa kwandon tarko irin na tsofaffi, in dawo miki da ƙaguwa ɗaya mu raba uku?"

Sai ta yi lissafinta na mata: in babu taru, babu nutso. Shi ya kai ta wurin Baba Vuai, shugaban kwamitin bakin ruwa, ta faɗa masa cewa yau a Fungu za su jefa, can bayan tsibiri.

"Yaya, ka yi min magana mana," ta ce. "Me na yi?"

Ya juyo da kai a hankali. "Me aka ce miki ya same ni?"

"Iskar ruwa ce ta buge ka. Har mai magani Bwana Khatibu ya aiko."

"Iskar ruwa!" Ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Ranar jirgin sintiri ne ya ɓullo. Ina ƙasa. Kin san wanda ya daɗe a zurfi ba ya tasowa gaba ɗaya, sai ya riƙa tsayawa a hanya yana hutawa, jini ya huce. Amma tiyo a jikin jirgi yake ɗaure. In nahoda mai tuƙa jirgi ya hango jami'ai, yanke taru yake ya tada inji. Mutum biyu ne kawai a wannan aikin, Siti: wanda aka yanke wa tiyo, da wanda aka fizgo sama kamar guga. Ni fizgo ni aka yi."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In ce ina aikin haram aka kama ni? Aljani ba ya zuwa kotu, shi ya sa aka ɗora masa."

Mwanasiti ba ta tsaya neman takalmi ba.

* * *

Ta sami Baba Vuai a inuwar rumfar gwanjon kifi, ya sa kwandon tarko tsakanin gwiwoyinsa yana ɗaure bakinsa da zaren kaba. Tsohon yana cikin nishaɗi, har waƙa yake a maƙoshi.

"A'a, 'yata, wa ya biyo ki haka? Ko Pandu ne ya ce zai ƙara aure?"

"Baba, ka kira su. Don girman Allah ka kira su su dawo."

Ya dubi dama da hagu. Rumfar ba kowa sai kuliyoyi. "Su wa?"

"Jami'ai. Yana ƙasa, Baba. In suka hango jirgin za su gudu da shi a ƙasa."

Zaren ya tsaya a hannunsa. Mutumin kirki ne Baba Vuai, ba wanda zai ce ba haka ba. Ya yi shekaru yana zirga-zirga ofis-ofis a kan tarun nan, ana ba shi kujera ana ba shi haƙuri, kwandunansa kuma kullum suna fitowa wayam. Amma shi mai tarko ne, daga sama yake kallon teku. Bai taɓa tunanin abin da ke ɗaya ƙarshen tiyo ba.

Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya danna, ya kara a kunne. Ya sauke, ya sake dannawa. Mwanasiti tana jin muryar matar nan ta cikin waya tana ba da haƙuri.

"Bayan tsibiri waya ba ta shiga," ya ce.

"To a bi su da kwalekwale!"

"Da filafili? Kafin a kai an yi an gama." Ya goge zufa da hularsa. "Ni taru na kai ƙara, 'yata, ban kai mutum ba. Ai sun san aikinsu. In sha Allahu..."

"Yaya ma in sha Allahu aka ce."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ki share fuskarki kafin ki fita. Mutum nawa ke ci daga tarun nan, kin fi ni sani. In aka ga kina kuka tun kafin labari ya iso, za a tambayi yadda aka yi kika sani."

* * *

Wannan shi ne abin da ya fi komai azaba: tsoron ma sai a ɓoye. Ruwa ya janye, mata sun bazu a gonakin ciyawar teku, kowacce ta ɗaure zane a ƙugu tana tsinka tana hira. Mwanasiti ta shiga cikinsu ta kama igiyar da ciyawarta ke ɗaure a jiki. Hannunta yana aiki, idonta yana can inda tsibiri ya yanke teku.

"Maman Riziki, ciyawa kike tsinka ko igiya?" wata maƙwabciyarta ta yi mata tsiya. "Kin zuba wa teku ido kamar amarya. Zai dawo, ba inda za shi da wannan kunnen nasa."

Mata suka kwashe da dariya. Ita ma ta buɗe haƙora.

A zuciyarta kuwa tana ƙasa tare da shi. Tana ganin duhun shuɗin ruwa, da ƙurar murjanin da yake fasawa, da kumfar da ke fita daga bakinsa tana hawa sama. Shi ba ya jin komai sai numfashinsa. Bai san wani jirgi ya taso ba, bai san nahoda ya zaro wuƙa ba. Ta riƙa ciniki da Ubangiji: a bar mata shi, ko da kunnen biyu za su toshe. A bar mata shi, ba za ta ƙara buɗe baki a kan komai ba.

Ruwa ya fara dawowa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, mata suka ɗauki buhunansu suka fita. An yi azahar, an fito daga masallaci, sannan aka ji ƙarar inji.

Jirgin sintiri ne, shi kaɗai. Ya cika da taru har yana ja da saura a ruwa. Gari ya fashe. Masu tarko suka shiga ruwa da kayansu suna taya jami'ai ja, wani tsoho har rawa ya taka. Aka baje tarun a kan yashi, ga guntayen murjani maƙale a jikinsa, ga ƙananan kifaye sun mutu dubu a kan dubu suna ƙyalli a rana. Wanda ya ga wannan ya san dokar ba ta yi ƙarya ba. Iyalan ma'aikatan jirgin tarun kuwa suka tsaya gefe guda, fuska a murtuke, suna ƙare wa kowa kallo.

Mwanasiti ta ratsa har wurin wani jami'i da ke gyara hula don a ɗauke shi hoto.

"Ranka ya daɗe, mutanen jirgin fa?"

"Sun tsere, Mama. Suna hango mu suka yanke igiya suka ba wa inji wuta."

"Ba ku ga kowa a ruwa ba?"

"Kifi muka gani." Ya matsa gefe. "Ɗan ja baya, kina shiga hoton."

Aka zuba fetur aka ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya murtuke ya nufi gari, warin roba ya cika hanci. Ana tafi, ita kuwa ta zauna a kan jiƙaƙƙen yashi.

Sai bayan la'asar suka ɓullo, ba ta teku ba, ta hanyar dajin bakin ruwa inda suka ɓoye jirgin. Ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, taɓo har cinya. Tana duba fuskoki tana wucewa, wannan ba shi ba, wannan ma ba shi ba. Can a ƙarshe ta hango shi, da ƙafafunsa yake tafiya, rigarsa a kafaɗa, yana ba wani labari da hannu yana dariya.

Ta tusa bakin mayafi a baki ta cije, don kar ihun ya fita.

* * *

Rana ta yi ja lokacin da Pandu ya yi wanka ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu. Riziki ta haye masa cinya, ya sauke ta ya ce ta je ta yi wasa, bayansa ya ɗan riƙe. Mwanasiti ta dafa rogo da madarar kwakwa, ta ɗora shayi mai citta. Ji take kamar ita aka tsamo daga ruwa. Allah Ya karɓa, ta riƙa faɗi a ranta, Allah Ya karɓa.

Daga ɗakin gaba Mshenga ya ɗaga murya. "Pandu! A hankali ka taso?"

"Ina fa a hankali, Yaya! Ina cikin aiki na ji an fizge ni, kafin in ce me ke nan ga ni ina kallon rana. Su suka jefa ni cikin jirgi kamar buhu."

"Tashi a kai ka asibiti. Yanzu."

"Asibitin me? Ga ni garau. Gajiya ce kawai."

"Ni ma da ƙafata na shigo gida. Siti, nemo mai babur!"

"Yaya ke nan, kullum sai ya ga gawa," Pandu ya ce yana dariya. "Maman Riziki, rabu da shi, kawo min shayin nan tukuna."

Ta sauke butar daga wuta tana tafarfasa, ta zo ta durƙusa a gabansa, ta ajiye kofi kusa da ƙafarsa. Za ta ba shi ya kurɓa, sannan ta fita neman babur ko yana so ko ba ya so.

"Su suna can suna rawa sun ƙona taru," ya ci gaba. "Nahoda ya yi waya da mai gida tun muna daji. Akwai wani sabo a ajiye, jibi za a kawo. Abin da ya rage shi ne munafukin da ya kai mu. Ba mutane da yawa suka san Fungu za mu ba, Maman Riziki. Yara sun rantse sai sun gano shi, ni kuwa na ce su bar min shi. Mutumin da ya so ya mayar da ke bazawara, ya mayar da Riziki marainiya..."

Tana cikin tsiyaya ya faɗi haka. Bakin butar ya kauce daga kofi, shayin ya kwarara a kan ƙafarsa ta dama, tun daga idon sawu har yatsu.

Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, sai ta tsaya. Tururi yana tashi daga fatar. Ƙafar tana nan a miƙe inda take. Pandu ko jin zafin bai yi ba, yana kallon sama, yana lissafa sunayen waɗanda yake zargi.